Makarar Alhaji Mati

Ba zan taɓa mantawa da wani yammaci a bakin tashar jiragen ruwa ta Jakarta ba, ko da yake yanzu tsufa ya kai ni inda nakan kira jikana da sunan ubansa, in kira uban da sunan maƙwabci. Yaran unguwarmu ta Tunga in sun ga ina gyangyaɗi a ƙofar gida sukan ɗauka ban taɓa wuce Zungeru ba. To, na wuce. Na je har bayan teku, na yi abin kunya, na dawo.

Lokacin ina direban Alhaji Mati, ɗan kwangila. Da aka mai da Minna babban birnin jiha ko'ina ka duba gini ake yi, shi kuwa Alhaji yashi da tsakuwa yake kaiwa, sai Allah ya buɗa masa. Sunansa na yanka Muhammadu, amma tun yana yaro Mati ake ce masa, kuma da Mati gari ya san shi. Aiki ya yi masa yawa, ga ciwon suga, likita ya ce ya tafi inda ba mai bin sa da maganar tifa. Wani kamfani da yake sayen injuna a wurinsu ya shirya masa tafiyar: jirgin sama zuwa Singafo, daga nan a shiga jirgin ruwan shaƙatawa a zaga garuruwan bakin teku. Shi da matarsa Hajiya Asabe, sai ni ɗan riƙon jaka.

An ce saboda Turanci aka tafi da ni. (A aji huɗu na bar firamare, kuma ba ni na gama da makarantar ba, ita ta gama da ni.) A garejin Alhaji ni nake karanta abin da aka rubuta a jikin galan ɗin mai, shi ya sa ake ce min Bature. Hajiya, da ta yi makarantar 'yan mata, ta fi ni jin Turanci nesa ba kusa ba, sai dai mace ce mai kawaici, ba ta taɓa tona ni ba.

Jirgin nan unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa. Bene kan bene, da ɗakin cin abincin da ba a rufewa, da kududdufin wanka a can sama inda tsofaffin Turawa ke kwanciya suna gasa kansu a rana. (Mu da muka fito daga garin da rana ke bin mutum har cikin ɗaki, mun kasa gane wannan shaƙatawa.) Hajiya kuwa tun da jirgi ya motsa jiri ya kwantar da ita. Saboda haka ranar da muka tsaya a Jakarta, aka ce kowa ya sauka ya ga gari amma ya dawo kafin faɗuwar rana don jirgi ba ya jiran kowa, ita ba ta iya saukowa ba. Ta kira ni bakin ƙofar ɗakinsu.

"Bature, ga amanar Alhaji nan. Maganinsa na cikin jaka. In ka ga yana gumi yana maganar da ba kai, ka sa masa alewa a baki. Kada ka bari ya yi nisa da kai."

Na daki ƙirji na ce, "Hajiya, in aka ce Alhaji ya ɓace, to ni na riga shi ɓacewa."

Sauran fasinjoji suka shiga doguwar mota za a kai su gidan tarihi. Alhaji ya ce shi bai tsallako teku don a nuna masa tsofaffin tukwane ba, kasuwa za mu. Kowannenmu yana da kati mai hoton jirgin a aljihu, muka kama hanya.

Jakarta gari ne da in ka ce babba ka rage masa. Mutane kamar an buɗe ƙofofin duniya, zafi kuma mai ɗanko, irin na kafin hadari ya sauka, sai dai hadarin ba ya sauka. Maza sun ɗaura zane da baƙar hula, ba wanda ya kalle su. Muna cikin layin masu atamfa Alhaji ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo min, ya ce in riƙe kafin ya narke. A nan ne idona ya faɗa kan wani keke mai ƙafa uku da inji, yana hayaƙi kamar an kunna bola. (Ku da kuke hawansa yau a Tunga kuna yanga, ni na gan shi tun iyayenku ba su haɗu ba.) Zuciyar direba ta motsa. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa in ga inda aka ɓoye injin. Ko da na ɗago, ba Alhaji.

Na bi layin nan sama da ƙasa. Na shiga wani, na fito a wani da ban sani ba. Turancina na gwada, ba wanda ya ji shi. Na koma Hausa da ƙarfi, ita ma haka. Abin da ke cina shi ne jakar magani tana kafaɗata, mutumin kuma bai ci abin kirki da safe ba. Ina ta ganinsa a zuci ya faɗi a gefen kwata, mutane na tsallake shi, ni kuma na koma jirgi na tsaya gaban Hajiya da riga ba mai riga.

Sai na ji kiran sallar la'asar. Na ce duk inda Alhaji yake, in yana kan ƙafarsa, masallaci zai nufa. Na bi sautin har wani ƙaramin masallaci a lungu, na bi sahu ina sallah ina satar kallon ƙeyoyin mutane. (Allah ya yafe min wannan sallar.) Aka sallame, babu shi. Nan ƙarfina ya ƙare. Na zauna na rungume rigar nan na fashe da kuka, ƙaton mutum da gemu.

Liman, wani dattijo siriri mai 'yar furfura a haɓa, ya matso ya dafa ni yana tambaya da yarensu. Na ɗaga rigar na ce, "Alhaji! Haji! Haji Mati!"

Kowa ya juyo. Liman ya ƙura min ido ya ce a hankali, "Mati?"

Wani sanyin daɗi ya ratsa ni. Na ce a raina, ikon Allah, ashe sunan Alhaji ya kawo har nan! Na shiga gyaɗa kai da ƙarfi. "Mati! E, Mati! Haji Mati!"

Gaba ɗaya suka ɗauki salati: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ban kawo komai a raina ba, domin mu a Minna ko taya ce ta yi faci wannan muke faɗa. Na taya su. Liman ya juya tafin hannu alamar a ina, sai na fito da katin jirgi na nuna masa. Don ya gane a can muke kwana, na haɗa hannuwa na sa a kunci, na karkata kai na rufe ido. Don ya gane mutumin ba shi da lafiya, na zazzage magunguna a kan tabarma. Wani tsoho a bayana ya fara share hawaye.

Ban taɓa ganin mutane masu hanzarin taimako irin waɗannan ba. Wannan ya fita da gudu, wancan ya kawo min ruwa, kowa ya zo ya kama hannuna biyu ya yi min magana mai taushi. Ni kuma ina ta cewa na gode, Allah ya bar zumunci. Kafin wani lokaci ga ƙaramar akori-kura a ƙofar masallaci, an ɗora mata wani gado na ƙarfe mai rumfa, an lulluɓe shi da koren ƙyalle mai rubutun Larabci. Ashe makara ce, amma tamu ta gida ba haka take ba, saboda haka na ɗauka gadon ɗaukar marar lafiya ne, har na yaba da hangen nesansu. An kuma shigo da farin yadi a naɗe. Na ji ƙamshin kafur ya bugi hancina, wani zargi ya ɗarsu a raina, na danne shi. Na ce kowace ƙasa da irin turarenta.

Aka sa ni gaba kusa da direba, jama'a suka cika baya, wasu suka biyo mu a kan babura suna hailala. Ni a zatona nema muka fita, sai leƙe nake ta taga. Sai ga mu a ƙofar tasha, rana ta yi ƙasa, jirgin nan na tsaye kamar dutse.

Liman ya yi magana da mai gadin ƙofa. Mai gadi ya cire hularsa, ya ɗauki waya. Daga baya ne na san yadda abin ya harɗe: mutanen masallaci sun ɗauka gawa tana cikin jirgi sun zo ɗauka, mutanen jirgi kuwa da suka hango gadon a lulluɓe sun ɗauka gawar ce aka kawo. Wani babban ma'aikacin jirgi ya je ya ƙwanƙwasa wa Hajiya ƙofa, ya gaya mata da Turancin da take ji sarai.

Aka sauke gadon a ƙasa, fasinjoji suka yi cirko-cirko a saman bene. Sai na hango Hajiya tana saukowa daga matakalar jirgi, ba takalmi, mayafi a karkace, ta riga ta cire 'yan kunnenta. Ba ta kuka. Ta wuce ni kamar ba ta san ni ba, ta durƙusa a gaban koren ƙyallen nan, ta ɗora tafinta a kai. Tun da nake gidan ban taɓa jin ta ambaci sunan mijinta ba, ko a bayan idonsa; daga Alhaji sai maigidan. Ranar, a gaban baƙin duniya, da wata murya da ban san tana da ita ba, ta ce:

"Mati. Mati, na yafe maka. Kai ma ka yafe min."

Jama'a suka sake ɗaukar salati. A nan ne kafur da farin yadi da hawayen tsohon nan suka haɗu a kaina wuri guda. Na yunƙura in ce Hajiya ba haka ba ne, amma ta riga ni. Ta ɗaga gefen ƙyallen don ta ga fuskarsa. Ta daɗe tana kallon ƙarfen da ba kowa a kai, sannan ta juyo ta dube ni.

Muna haka sai ga ƙarar keken nan mai ƙafa uku. Ya tsaya, Alhaji ya fito da 'yar shara, ya rungumo atamfofi, yana taunar soyayyar ayaba. Ashe shagon da ke bayana ya shiga, mai shago ya zaunar da shi ya ba shi shayi, da ya gaji da jirana ya nuna katinsa aka kawo shi. Ya ga makara, ya ga taro, sai ya ajiye kaya ya ɗaga hannuwa da ladabi.

"Allah ya jiƙan musulmi. Bature, wa ya rasu?"

"Kai ne, Alhaji," na ce.

Wani ma'aikacin jirgi ɗan ƙasar ya shiga tsakani, ya yi wa liman bayani, ya juyo ya yi wa Hajiya. A yarensu, mati shi ne ya mutu. Tun la'asar nake yawo da rigar mutum ina shela cewa Alhaji ya mutu, ana tambayata ko da gaske ne ina gyaɗa kai da murna. Liman bai yi dariya ba. Ya matso ya kama damtsen Alhaji ya matsa, ya tabbatar da ɗumi, sannan ya ce Alhamdulillahi, idonsa ya kawo ruwa. Alhaji ne ya fara dariyar, har da riƙe ciki.

"Ku gaya wa Malam, tunda an taru kada a koma haka. A yi min addu'ar tun ina ji, in ce amin da bakina."

Aka kuwa yi. Suka mai da makararsu cikin mota, kowa ya zo ya yi musabaha da mamaci, suka tafi. Ni ma sun ba ni hannu, kuma wannan ya fi mari ciwo.

Hajiya ba ta tsaya addu'ar ba. Ta hau matakala ta koma ɗaki, kuma har muka sauka a Legas ba ta ƙara ce min uffan ba. Alhaji ya yi ta ba da labarin a Minna, kowane zama da ƙarin gishiri, amma bai taɓa sanin abin da ta faɗa a gaban makarar ba. Ita ba ta gaya masa ba, ni kuwa ban isa ba.

Shekaru suka wuce. Ranar da ciwon ya ci ƙarfin Alhaji a asibiti ina gefen gadonsa, kuma da aka duba wanda zai je gida ya faɗa, kowa ya sunkuyar da kai, aka bar ni da aikin. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Hajiya, sai haƙuri."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Bature, da wane yare aka gaya maka?"

"Ba a gaya min ba, Hajiya. Ni na rufe masa ido."

Sai a lokacin ta ajiye faifan.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, daidai da ajin da na tsaya. In ka je ƙasar da ba ka jin yarensu, ka yi magana sau ɗaya ka ga kowa ya gane nan take har ya tashi tsaye don ya taimake ka, to ka dakata tukuna, ka leƙa bayan motar ka ga abin da suka ɗauko.