Kwantenar Mai Girma a Bakin Rafin Gora

Yau na wuce tashar da nake sauka, jama'a. Ina cikin bas za ni sito a Dubai Investments Park sai ƙanwata Saratu ta turo mini hoto daga gida, na tsaya kallonsa har direba ya kai ƙarshen layi. Da ƙafa na dawo cikin ranar nan mai narka takalmi. Ruwan farko ya sauka a Hayin Ɗantani, ya tafi da hanyar da Mai Girma ya yi mana.

Hayin Ɗantani unguwarmu ce a bayan gari, inda birni ya gaji ya tsaya. Tsakaninmu da kwalta, da asibitin da mahaifiyata Hadijatu take karɓar maganin hawan jini duk wata, akwai wani kwari da ake kira Rafin Gora. Da rani matasa kan goya ta su sauka su hau. Da damina sai dai a zagaya kilomita goma sha huɗu a babur, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas.

Masu ilimin da suka zana mazaɓarmu ta tarayya, Allah ya ƙara musu basira, sun bi tsakiyar kwarin nan da alƙalami suna karkacewa, ta yadda har yau ba wanda ya tabbatar da ɓangaren da muke. Ranar zaɓe kowa namu ne. Washegari kuwa mu na maƙwabta ne. Wakili na farko ya aza harsashin gada. Na biyu ya fito daga wata jam'iyya, ya ce harsashin ba shi da inganci, ya aza nasa. Na uku ya sauya sheƙa sau biyu, don haka ya aza biyu. Duwatsu huɗu ke nan masu sunaye, awaki na shan inuwa a jikinsu.

Na huɗu, wato Mai Girma na yanzu, shi ne ya shigo ofishinmu na cargo a unguwar Port Saeed nan Dubai watan Nuwamban bara, ƙamshin turarensa ya riga shi hawa bene. Ya sayi bokitai dubu uku da agogunan bango, kowanne da fuskarsa tana murmushi, za a raba kafin zaɓe. Ni ke rubuta adireshi a takardar kaya a lokacin. Na gaishe shi har ƙasa, na ce, "Ranka ya daɗe, ni ma ɗan mazaɓarka ne. Hayin Ɗantani. Maganar gadar nan fa?"

"Hayin wa?" Ya juya wajen mai riƙe masa jaka. "Dikko, namu ne?"

"Akwatin zaɓe goma sha ɗaya ne a wurin, ranka ya daɗe."

"To namu ne mana! Habibi, gada ai an gama magana, inshallah."

Na tambaye shi inda za a sauke kwantenar. Yana danna waya ya ce, "Ko'ina a mazaɓata gidana ne. Rubuta inda jama'a suka fi yawa. Yalla, ina da appointment." Ya sa hannu a ƙasan takarda tun ban cike ta ba.

Abokin aikina Sualah, ɗan Zongon Kumasi, ya leƙo ta kafaɗata ya ga na rubuta Firamaren Hayin Ɗantani. Ya ce, "Chale, Labaran, mota na zuwa wurin?"

"Mai Girma ya ce an gama magana."

"Wallahi za su kore ka, khalas, shi ke nan."

A sana'armu direba ba ya sauke kaya sai a inda takarda ta ce, kuma a nan ake sa masa hannu. Saura wata biyu zaɓe babbar motar ta taso daga Legas ta zo bakin Rafin Gora ta ja birki. Direba ya ce shi ba zai gangara ba, ba kuma zai buɗe a nan ba. An riga an manna hotunan Mai Girma a jikin kwantenar, ƙato-ƙato, yana nuna gaba da yatsa, gaban kuwa rami ne. 'Yan adawa suka zo da wayoyinsu, kafin la'asar hoton ya zaga Facebook.

Abin da aka kasa cikin shekara goma sha shida, sai ga shi an yi a kwana uku. Tifofi suka yi ta juye jar ƙasa, katafila ta daddanne, mota ta haye ana guɗa. A wajen rabon bokitai Mai Girma ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan aiki. Wannan bawan Allah akwai riƙon alkawari! Ko kwalbati ɗaya ba a sa a ƙasa ba, amma wa zai tsaya neman kwalbati ana saura kwana hamsin zaɓe?

Dikko ya bugo wa maigidana waya yana kumfar baki. Aka ɗauke ni daga tebur mai sanyi aka kawo ni sito ina ɗaure kwalaye, awa biyu daga ɗakinmu na Hor Al Anz. Ban yi nadama ba. Sau biyar Inna ta je asibiti a zaune cikin Keke Napep, ba wanda ya goya ta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa muku.

Mai Girma ya ci zaɓe, akwatinmu goma sha ɗaya duk nasa. Makon jiya da aka je masa da maganar kwalbati, ofishinsa ya duba taswira ya gano cewa Hayin Ɗantani na maƙwabta ne.

Yau da na isa sito na kira gida. Saratu ta miƙa wa Inna wayar. Ranar Talata ce ranar maganinta.

"Labaran, yaushe za ka sake turo irin motar nan?"

"Sai wani zaɓen, Inna. Shekara huɗu."

Ta ce, "To, Allah ya kai masu rai."

Na tsaya riƙe da waya a tsakanin kwalaye, raina a ɓace, har Sualah, da ya kawo takardu daga ofis, ya zo ya karɓi igiyar ɗaurin daga hannuna.

Amma kada a ce ban yaba ba. Saratu ta ce bokitan suna da ƙarko, da su ake kwashe ruwa daga ɗakuna tun asuba. Mai Girma dai ya shiga kowane gida a Hayin Ɗantani, kuma ga shi yau har aiki yake yi.