Uba, Ni Ban Ce Komai Ba

Ba zan taɓa mantawa ba, wata Asabar ce, a taron iyaye da malamai, na miƙe a gaban jama'a na wanke wata uwa tas, har da hawayena, ban san ko wace ce ba.

Makarantar firamare ta ikilisiyarmu a nan Kafanchan ta yi sabuwar shugaba a shekarar, Madam Asabe, 'yar Zonkwa, mace mai sanyin murya. A satinta na farko ta bi aji-aji ta kwashe bulalu. Yaron da ya makara ba a sa shi durƙuso a bakin get, sai an tambaye shi dalili tukuna. Ta haka aka gano da yawansu ruwa suke ɗebowa, ko suna taya iyaye shanya citta kafin su fito. Ta kuma kafa akwatin katako a bayan ofishinta, yaro ya rubuta abin da ke damunsa ya jefa, ba suna. Takan ce yaro mutum ne tun yanzu, ba sai ya girma ba.

Iyaye suka rabu biyu. Ni dai ina bayan Madam, har ina ganin kamar daga wurina ta koyo. Ban taɓa ɗaga hannu a kan 'ya'yana uku ba (ko kaza za a yanka, ɗaki nake shigewa). Makamina addu'a. Kowace safiya kafin mijina, Baban Keziya, ya tafi shago, mu durƙusa a falo, mu yi waƙa ɗaya, sai in ɗauki yaran ɗaya bayan ɗaya in kai su gaban Ubangiji. Keziya, 'yata ta fari mai aji shida, ita ta fi samun rabo mai tsoka.

"Ya Uba, ga baiwarka Keziya. Ka ga jiya ta ce ta wanke tukunya, alhali ruwa kawai ta zuba mata. Ka ga abin da ta ciwo a lissafi. Uba, kai ka gani, ni ban ce komai ba."

Ƙannenta, Bulus da Ladi, sai su riƙa ƙunshe dariya a cikin kujera. Muryata kuwa, a zumuntar matan ikilisiya ba a wahalar ba ni lasifika. Bango ɗaya ne tsakaninmu da Maman Ngozi, mai sayar da atamfa a kasuwa, ta sha gaya mini da addu'ata take tashi, ba ta bukatar agogo. Na ɗauka yabo ne.

A 'yan watannin nan Keziya ta yi shiru. In na shiga kicin ta fito, in na tambaye ta makaranta ta ce "lafiya", shi ke nan. Abin ya dame ni ƙwarai, amma na ce girma ne ke zuwa. Sai na ƙara shi a jerin addu'a: "Uba, ka ga yadda take kumbura mini fuska."

To, ranar taron, Madam ta ce akwai takardun akwatin nan da yaran suka rubuta a jiki cewa sun yarda a karanta wa iyaye. Ta kwafe su da hannunta don kada a gane rubutun kowa. Ta nemi mai murya ya karanta. Kafin ta rufe baki na isa gaban allo, ina gyara ɗankwali.

Ta farko, wani ya ce malami yana kiransa daƙiƙi. Ta biyu, bayin 'yan mata ba ƙofa. Na buɗe ta uku na karanta:

"Mamana tana tona mini asiri kullum a gaban ƙannena. Yanzu ba sa jin maganata, har a makaranta suna ba da labarina."

Zuciyata ta karye. Na sauke takardar.

"Mama, ƙarasa tukuna," in ji Madam a hankali.

"Madam, bari in sauke abin da ke raina," na ce. Na juya ga iyaye. "Jama'a, wace irin uwa ce wannan? Yaro ba shi da mutunci ne? Allah ya ba ki amana, ke kuma kina yi mata tsirara a gaban na bayanta? In tana cikin ajin nan, ta ji kunya! Ta zo gidana ta ga yadda ake yi. Ni ba duka, ba zagi, gwiwa kawai nake sawa a ƙasa."

Aka yi tafi. Wani dattijo ya ce, "Gaya masu, Mama!" Na share hawaye da bakin zane, na ɗaga takardar na ci gaba, da murya ta fi ta ɗazu:

"Ba ta dukana. Gara ma ta doke ni a wuce wurin. A cikin addu'ar safe take yi, kuma ba ni da damar in ce ba haka aka yi ba, domin ba a katse addu'a. In ta gama sai ta ce, Uba, kai ka gani, ni ban..."

Nan bakina ya tsaya. Ai kuwa ban tsira ba, domin daga bencin baya, inda matan zumuntarmu suke, wasu muryoyi suka ƙarasa mini a tare, ƙasa-ƙasa, kamar amshin waƙa: "...ce komai ba."

Sai Maman Ngozi, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, ta ce, "Ah-ah, Maman Keziya, wannan ba addu'an ka ba ne? Har ni na iya shi!"

Ban san wanda ya fara dariyar ba. Na san dai dattijon nan ya rufe fuska da hula. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takarda, hawayen da na yi wa 'yar mutane bai ma bushe ba.

Madam ce ta zo ta karɓi takardar daga hannuna kamar ba abin da ya faru. Ta ce, "Na gode, Mama. Wannan takarda ta gidaje da yawa ce. Wanda bai taɓa kai ƙarar ɗansa wurin Allah da ƙarfi don yaron ya ji ba, ya ɗaga hannu." Ba wanda ya ɗaga. Dariyar ta mutu a nan.

Bayan an tashi ta ja ni ofis, ta ba ni ruwa. Na zaci wa'azi za ta yi mini. Sai ta ce, "Ki gafarce ni, kuskurena ne, da na cire layin ƙarshen nan. Ita ma yarinyar zan roƙe ta gafara. Abu ɗaya nake roƙonki. In kika je gida kika tsawata mata, ba za ta sake buɗe baki ba, gare ki ko gare ni."

"To me zan ce mata, Madam?"

"Ki yi tambaya. Sai ki yi shiru."

(Na biyun ne mai wuya, ku tambayi mijina.)

Labarin ya riga ni isa gida. Na tarar da Keziya tsaye a ƙofar kicin, ta haɗe hannuwa, tana jiran abin da zai sauka a kanta. Na jawo kujera na zauna. Duk jawabin da na shirya a hanya ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Keziya, tukunyar nan, me ya faru ranar?"

"Sabulu ne ya ƙare, Mama. Na jiƙa ta ne kafin a sayo."

"Lissafin fa?"

"A baya nake zama. Ba na ganin allo sosai."

Wata nawa ina gaya wa Mahaliccin idanunta cewa ba ta ƙoƙari, ban taɓa tambayar mai idanun ba. A satin muka je aka auna ta, aka ba ta tabarau.

Washegarin taron muka durƙusa kamar kullum. Na buɗe baki, "Ya Uba, ga baiwarka..." Na ji Keziya ta ɗauke numfashi a gefena. Na haɗiye sunanta, na sa nawa. "Ga baiwarka Rahila. Ka ga bakinta ya fi kunnenta aiki. Ka ga yadda ta mai da addu'a bulala. Uba, kai ka gani, kuma ni ce na faɗi komai."

Keziya ta ce amin a hankali, ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Baban Keziya kuwa ya zabga wani amin da ban taɓa jin irinsa ba tun ranar aurenmu. Ta bayan bango ma na ji an amsa.

Tun daga nan, in ina da magana da yaro, shi nake kira gefe in tambaya. In ina da magana da Allah, in rage murya, tunda ashe ba shi nake ɗaga wa ita ba. Maman Ngozi dai ta sayi agogo.