Tarwaɗar da Aka Sumbata Aka Mayar Ruwa

Jama'a, ku taya ni dariya tun kafin in fara kuka. Ranar Asabar ɗin nan, ni Mika'il, talakanku na hawa na tara a La Courneuve, can gefen Paris, na rungumi kifin da ya fi ni tsawo. Na ji santsinsa a ƙirjina, na ji nauyinsa har ƙashin bayana ya amsa, gashin bakinsa ya share mini fuska. Amma ko ƙayarsa ban shigo da ita gida ba. In kun ce ƙarya nake, akwai shaidu, kuma yawan shaidun nan ne ya kashe ni.

Ga yadda aka yi. Uwargida Batula tana da juna biyu, ciki ya tsufa, sai kwaɗayi ya tashi mata. Ba ta son nama, ba ta son kaza, shinkafa ma in ta ji ƙamshinta sai ta kau da kai. Abu ɗaya take kira safe da yamma: farfesun ɗanyen kifin gulbi, wanda bai taɓa kwana cikin ƙanƙara ba. Na kawo na kanti, ta ɗaga ledar da yatsa biyu ta ce, "Baban Aya, wannan ai ya riga kakana mutuwa." Abin ya fara ba ni tsoro, don tana ta ramewa, ga nauyin ciki, ga asansar ɗin gininmu, wato na'urar hawa bene, da manya suka yi alkawarin gyarawa tun bara. Sai na bugi ƙirji na ce mata, in dai ina numfashi, za ta sha romon kifin da na ciro daga ruwa da hannuna.

Na faɗa ne kawai, irin ta maza. Ban san inda zan samo gulbi ba.

Ana haka sai ga maƙwabcina Salifou, ɗan Damagaram mai sayar da turare a unguwar Belleville, ya ƙwanƙwasa ƙofa yana haki saboda matakala. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, Allah ya yanke maka wahala! Ƙungiya za ta fita su a Lyon. Mai Girma ya ɗauko hayar jirgin ruwan da kifi ba ya iya ɓoye masa."

Kun san Mai Girma. Shugaban ƙungiyar zumuntarmu ta 'yan gida mazauna Paris da Lyon, Bangon Jinginar Marasa Bango, Inuwar da Ba Ta Taɓa Sauka Kan Kowa Ba, Allah ya ƙara masa lafiya da kujera. Shi ne ya yi mana alkawarin zauren taro tun 'yata Aya tana goye, yau ga ta tana tafiya lakwal, wato makaranta, da ƙafarta, mu kuma muna taro a bakin matakala. Bana ya sanar cewa abin da aka tara don zaure an ɗan karkatar da shi zuwa "nazarin kamun kifi na zamani", domin wata rana mu koma gida mu wayar da kan masunta. Salifou ya ɗaga hannu a taron ya tambaya, a ƙauyen da babu lantarki, ina masunci zai yi cajin na'urar? Mai Girma ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, za a kafa mata kwamiti. Wallahi hangen nesa irin na mutumin nan, sai dai a yi masa tafi.

Ni dai ba zaure ne gabana ba, kifi ne. Na ɗauki gilasiyar, wato akwatin nan mai riƙe sanyi, na wasa wuƙa na naɗe ta cikin tsumma, muka hau jirgin ƙasa ni da Salifou. A Lyon muka tarar 'yan uwa na unguwar Minguettes sun aro manyan tukwane, an daka yaji, an yanka albasa har idanu sun yi ja. Kowa yana jiran dawowarmu.

Da muka isa bakin kogin Saône na ga jirgin, sai na ce, "Salifou, wannan jirgin su ne ko ofishin banki?" Allo nan, allo can, waya ta bi ta ƙarƙashin ƙafa, batir kamar buhunan siminti an jere su inda ya kamata mutum ya zauna. Mai jirgin, wani magidanci mai furfura a gemu ana ce masa Yanis, haifaffen Minguettes, ya shiga yi mana bayani da Faransanci. Wannan allo yana zana ƙasan kogi, rami da tudu da kututturen da ya nutse. Wancan yana nuna kifi yana yawo a lokacin da yake yawon. Ga wani ƙaramin inji a goshin jirgi da yake magana da tauraron ɗan adam, ka danna masa maɓalli ya tsayar da kai wuri ɗaya, ruwa na gudu kai kana nan. A saman duka kuma, kan wani sanda, ga kyamara da makirufo, waɗanda Mai Girma ya sa aka haɗa da zauren ƙungiya na waya, don mambobi, har da matanmu na gida, su ga kuma su ji jawabinsa kai tsaye.

Ya kuwa yi jawabin. Ya sha rigar ceto a kan babbar riga, ya yi magana kan ci gaba har wani agwagwa ya gaji ya tashi.

Tun muna yara ake ce mana, kifi na ganinka mai jar koma. To, zamani ya juya, yanzu mu ke ganinsa. Ba mu daɗe ba Yanis ya nuna allo ya ce, "Voilà," wato ga ta nan. Sai ga wata inuwa doguwa kwance kusa da kututture. Muka ga tana motsa wutsiya. Muka ga abin da aka maƙala a ƙugiya yana sauka gabanta. Muka ga ta juyo, ta shinshina, ta yi kamar za ta tafi, Salifou yana rawar jiki yana cewa, "Ci mana, baiwar Allah, ci!" Ni kam kunya ta ɗan kama ni, don leƙen mutum cikin ɗakinsa ba tarbiyya ba ce. Babu wanda ya kalli ruwa ko sau ɗaya. Mutum huɗu a tsakiyar kogi, ga iska mai daɗi, ga itatuwa, duk mun dunƙule kan gilashi kamar masu kallon ƙwallo.

Sai ta haɗiye. Wayyo, jama'a! Sandar fatsa ta lanƙwashe, Yanis ya danƙa mini ita, na ja, ta ja, na kira sunan Allah, na kira sunan tsohuwata. Mai Girma yana bayana yana ba da umarni, "A ja ta ta dama! A bi tsari!" alhali hannunsa ɗaya yana riƙe da hula, ɗayan yana riƙe da kujera. Da ƙyar da jiɓin goshi muka ɗago ta. Tarwaɗa ce, amma irin wadda in ka ba da labarinta a gida za a ce Turai ta koya maka ƙarya. Na yi guɗa da bakina na namiji, ban ji kunya ba. Na riga na ga Batula tana suɗe kwano.

Na jawo gilasiyar, na fara warware tsumman wuƙa.

Yanis ya dafa hannuna. "Non, mon frère. A'a, ɗan uwa. Za a auna ta, a ɗau hoto, a mayar."

Na ce, "A mayar ina?"

"Ruwa. Haka ƙa'idar jirgina take, na gaya wa shugabanku tun farko."

Na juya ga Mai Girma. Ya gyara murya ya ce lalle an yi wannan magana, amma bai ga amfanin tayar wa mambobi da hankali ba, tunda maƙasudin tafiya nazari ne, ba ci ba. Kun ji fa. Tukwane suna kan wuta a Minguettes, shi yana nazari. Na roƙi Yanis, na ce matata ciki gare ta. Ya ce Allah ya raba lafiya. Na ce to a ba ni kai kawai, a mayar da saura. Ya yi dariya har ya zauna kan batir. Mai Girma ya matso, aka ɗora masa tarwaɗar da ni na ciro a kan cinya, aka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Yanis ya ce al'adar masu wannan sana'a ce a sumbaci kifi kafin a sake shi. Mai Girma ya ce wannan aikin mamba ne. Ni, da hawaye a idona, na sunkuya na sumbaci abincin matata a goshi, muka zura ta cikin ruwa. A allo muka bi ta da kallo har ta koma gindin kututturenta ta kwanta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

To, masu na'ura, ga tambayar talaka. In kun ƙera abin da zai nuna muku kifi, ya tsayar muku da jirgi, ya gaya muku zurfi da sanyin ruwa, me ya rage wa mutum ya yi? Kifin ba shi da mafaka, masuncin ba shi da gwaninta, mai ciki ba ta da romo. Wa ya ci riba, ban da mai sayar da batir da mai hawa hoto?

Muna komawa gaɓa, tun ba mu sauka daga jirgin ba, na jingina da wani sanda, na ja Salifou gefe na rage murya. Na ce, "Gobe da mun sauka Paris, ka raka ni wurin mai kifin nan na Belleville. Mu zaɓi tarwaɗa mai kyan gani, in shafa mata ɗan taɓo, in ce wa Batula ita na kamo." Salifou ya ce dabara ta yi, har ya ba da shawarar a ɗan huda mata leɓe kamar wurin ƙugiya. Muka tafa. Sandan da na jingina da shi, shi ne mai kyamara, kuma babu wanda ya kashe ta tun jawabin Mai Girma.

Lahadi da rana na hau matakalar nan tara da gilasiyar a kafaɗa, ina nishin jarumi. Batula ta tarbe ni da fara'ar da na daɗe ban gani ba. "Sannu da zuwa, Sarkin Ruwa. Har da taɓonta!" Ta karɓa, ta wanke, ta dafa. Ta zauna ta cinye tas, ta sha romon har da ɗaga kwano, tana ci tana dariya ita kaɗai. Raina ya yi fari ƙal, don rabonta da ci haka an kwana biyu. Na ce a zuciyata, Mika'il, kai ɗan duniya ne.

Sai ta kawo mini tuwona. Na buɗe kwanon miya, babu miya. Wayarta ce kwance a ciki, ga ni a allo, ido rufe, leɓe a goshin tarwaɗa.

Ta ce, "Ga naka, Baban Aya. Ya fi nawa girma. Ni ma sau ɗaya ka taɓa sumbatata a goshi haka?"

Na ci tuwona gaya, Aya tana tsaye a kaina tana maimaita bidiyon. Salifou ya bugo waya da yamma, wai Mai Girma ya gamsu da sakamakon nazari, baɗi za a fita farautar barewa da na'ura mai tashi sama. Na ce ya rubuta sunana, amma wannan karon leɓena yana hutu, sai a nemi wani mamba.