Rasuwar Mai Alkawari, Yo-yon Baba

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni bakanike, babban ɗan tsohon kafinta, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan sana'a rasuwar Mai Alkawari, yo-yon mahaifinmu. Ya cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin garejina, yana da shekara arba'in da ɗaya. A hannuna ya cika. Ni na yi jinyarsa, kuma ni ne ciwon.

Ga wanda bai san marigayin ba, faifai biyu ne na katako, kowanne bai kai tafin hannu ba, da ɗan guntun itace da ya haɗa su a tsakiya, sai zare. A sake shi ya sauka yana juyi, a ɗan fizgi zaren ya hau ya dawo hannu. Baba ne ya sassaƙa mini shi ina ƙarami. Na yi wasa da shi kwana biyu, na jefar, na koma kallon motoci. Baba ya ɗauka ya adana a cikin wani gwangwani. Shi ya raɗa masa suna, ya ce duk cikin abin da ya haifa, wannan kaɗai ake aika ya dawo a kan lokaci.

Marigayin an yi masa gini na hankali. Baba ya rarake cikin kowane faifai ya bar nauyin a baki-baki, shi ya sa in ya kama juyi ba ya gajiya da wuri. Faifan biyu nauyinsu ɗaya, sai da aka yini uku ana kankara ana gwadawa kafin su daidaita. Zaren ba a ɗaure yake tam ba, zarga shi aka yi a wuyan itacen, don marigayin ya iya tsayawa ƙasa yana juyi, abin da Baba ke kira barci. Tsakanin faifan kuwa ɗan tsagi ne matsattse, zaren na gogar katako hagu da dama. Duk wannan yanzu na fahimce shi. Da na fahimta mako biyu da suka wuce, da ba a rubuta takardar nan ba.

Ba shi da yawan magana. In ya sauka ya ce fuuu, in yana barci ya yi wata 'yar siririyar ƙiii, in ya dawo tafin hannu ya ce ɗas. Iyakarsa ke nan.

Babban aikinsa a ƙarshen rayuwa ya yi shi. Bara ciwo ya taɓa wa Baba ɓarin dama. Mai gashin ƙashi ta ce a riƙa ba hannun aiki kullum. Aka kawo ƙwallon roba, Baba ya ce shi ba kyanwa ba ne, a ɗauko masa Mai Alkawari. Wata huɗu yana fama a kujerar bakin taga, yana saki abin na faɗuwa, har safiyar da muka ji ɗas daga tsakar gida. Daga nan ya koma riƙe cokali da kansa, ya koma nuna ni da yatsa in zai yi mini faɗa. Ranar da yatsan nan ya miƙe a fuskata na san tsoho ya samu sauƙi.

Ciwon ajali daga ƙiii ɗin nan ya fara. Ni ta hana ni sakat. Shekara talatin ina ƙarƙashin mota, kuma a wurinmu abu ya yi ƙara, to mai yake nema, abu ya gogi ɗan'uwansa, to lalacewa ce ke tafe. Na faki idon Baba yana barcin rana, na sa marigayin a aljihu na tafi gareji. Na murɗa faifan na raba su, na shafe wuyan itacen da giris, na ƙara ɗan zoben ƙarfe don tsagin ya buɗe, zare ya daina guga. Na mayar da shi gwangwaninsa ina jin kaina ɗan kirki. Ko gwada shi ban yi ba. Ni da ke cewa ba a ba mai mota makulli sai an zagaya da ita.

Washegari Baba ya sake shi. Ya sauka shiru, ya yi juyi mai kyau. Baba ya fizga, bai hau ba. Ya naɗe zaren da hannun hagu, ya saki, ya fizga. Sau biyar. Sai ya ɗaga hannun dama ya daɗe yana kallonsa, ya ce wa ƙanwata, "Hannun ya sake tafiya."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na ce zan makara, na fita.

Ashe gogar nan da na tsana ita ce ransa. Ita ke sa zaren ya ciji katako ya naɗe in an fizga. Na cire masa abin kamawa, na ce gyara na yi. Kwana tara Baba bai nemi gwangwanin ba. Ya cusa hannun a ƙarƙashin bargo, ya ce a daina wahalar da mai gashin ƙashi, ya bar ƙanwata tana ba shi abinci a baki. Matata ce ta ga baƙin mai a jikin zaren. Ta shinshina, ta dube ni, ta ce in ban faɗa ba ita za ta faɗa, kuma nata faɗin ba zai yi mini daɗi ba.

Maimakon in faɗa, na sake sace shi don in gyara ɓarnar a ɓoye. Na cire zoben, na wanke katakon da fetur, amma ya riga ya sha mai. Itacen tsakiya ya saki, ya ƙi zama. Na maye gurbinsa da noti. Gefe ɗaya ya fi nauyi, marigayin ya riƙa sauka a karkace yana rawa kamar tayar da ta goce. Mai walda, maƙwabcina a gareji, ya leƙo ya ce in bar shi haka, likita ya fi ciwon haɗari. Na ce ya je ya ji da ƙarafunansa. Na ɗauko sifana na ƙara ɗaurewa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙas. Faifan dama ya rabe biyu.

Ya rasu ya bar zare ɗaya da ba ya wankuwa, da gwangwanin da ya zauna ciki shekara arba'in da ɗaya, da kujerar bakin taga. Ya bar dattijo ɗaya da ke zargin hannunsa a kan laifin da hannun bai yi ba.

Ni bakina ba ya iya irin wannan magana, shi ya sa na rubuta. Ƙanwata, ki karanta wa Baba da ƙarfi, kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayina. Baba, ba hannunka ba ne. Kafin in sa masa noti na gwada shi da hannuna mai lafiya ya fi sau talatin, mai walda ya gwada, mai faci ya gwada. Babu wanda ya dawo wa. Hannunka yana nan yadda ka bar shi. Ɗanka ne ya taɓa abin da ba a sa shi ba.

Za a kai gawar tsohon shagon Baba da ke bayan gida ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Za a shimfiɗa ta a kan bencin da aka sassaƙa ta, mai ita ya duba raunukan da idonsa, sannan a sa ta a akwatin kayan aikinsa a rufe. Na tanadi katako iri uku don a sassaƙa sabo, Baba ya zaɓi wanda ya ga dama. Ni zan riƙe, shi zai ba da umarni, kuma sabon in ya yi ƙiii a bar shi ya yi ta yi. An hana shigowa da giris ko sifana. Masu zuwa gaisuwa su zo da kujerunsu, don faɗan zai yi tsawo kuma ban nemi a ba shi haƙuri ba.

Roƙona ɗaya ne. Idan Baba zai mare ni, ya yi da hannun dama.