Yadda Za Ka Ƙwace Duk Asabar Daga Hannun Tsohuwar Matarka

Kai da aurenka ya mutu a Dubai, aka miƙo maka takardar yarjejeniyar riƙon 'ya, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin nasara irin wadda Maharazu mai cargo, wato jigilar kaya, ya yi a kan Zaituna, uwar 'yarsa Muhsinat. Ganau ne ni, gidan haya ɗaya muke a Hor Al Anz.

1. Manta da lauya

Lauya yana da mugun hali, sai ya tambaye ka me yarinyar take so. Ɗauki hoton takardar ka loda wa AI ɗin wayarka. Ba ya gajiya, kuma bai taɓa jin bakin surukarka ba.

2. Ba shi labari tsakani da Allah

Wato yadda kai ne mai gaskiya. Maharazu ya rubuta, "Ni mutum ne mai haƙuri, ita kuwa Allah Ya shirya." AI ya ce ya fahimci damuwarsa. Shekara goma yana aure ba wanda ya taɓa gaya masa haka, har sai da ya yi ƙwalla.

3. Tsallake tambayoyin shisshigi

Zai tambayi ajinta nawa, da wanda zai zauna da ita ranar da take hannunka. Maharazu ya ce aji uku, alhali tana huɗu. Ɗaya tambayar kuwa ya ce, "Yalla, wuce gaba."

4. Nemi Asabar duka

Takardar ta ce Asabar ɗaya kai, ɗaya ita. Raini ne. Sa AI ya tsara maka wasiƙa shafi shida da Turancin da kai ma ba ka ji. Kada ka tuna cewa Asabar ce ranar lodin kwantena. Zaituna ta tambaya, "Baban Muhsinat, a sito za ka ajiye ta?" Ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu haɗu a kotu." Ta gaji, ta sa hannu.

5. Ci moriyar nasara

Ɗora 'yar shekara tara a kan kwali a siton Al Warsan, ka juyo mata fanka. Miƙa mata wayarka ka ce, "Shwaiya, ɗan jira kaɗan, Mamana, yanzu zan gama." Duk ɗan Kanon da ya leƙo, sanar da shi kai ka ci.

6. Kada ka buɗe tsohuwar hira

Nan Maharazu ya yi wauta. Asabar ta biyar ya buɗe AI, sai ya ga tambayar da ba shi ya rubuta ba: "Yaya zan gaya wa Abbana ina so in koma gida ba tare da ransa ya ɓaci ba?" An ba Muhsinat shawara biyar, ba ta yi amfani da ko ɗaya ba. Ya ɗaga kai, tana can kan kwali tana yi masa murmushi. Wallahi ni ma abin ya taɓa ni.

Gargaɗi

In haka ta same ka, babu ruwana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maharazu yana can ƙofar Zaituna a International City, waya a aljihu, yana neman bakin da zai yi sallama. Asabar na yi maka alkawari, ban ce har da yarinyar ba.