Kunun Waken Suyan da Na Ɗora Yaya Lantana a Kai

Ko na so in manta da bikin nan na Kiru, matan danginmu ba za su bar ni ba.

Lokacin ina malamar yaƙi da jahilci a Ƙofa, aka tura mu bita Bebeji a kan waken suya, wanda a shekarun aka fara tallata mana. Wata jami'ar lafiya ta ce akwai sinadari a cikinsa mai kama da na jikin mace, yakan rage wa matan da al'ada ta ɗauke musu zafin nan da zufa. Sai dai ba kowane jiki ke karɓarsa sosai ba, ya danganta da ƙwayoyin da ke hanji.

Bitar ta kwana biyu ce (amma ni a likita na dawo). Na kasa zaune na kasa tsaye, ina neman wadda zan gwada wa ilimina.

Sai ga Yaya Lantana, yayar maigidana, ta zo mana wuni. Ta haura arba'in, autanta har ya shiga sakandare. Tana share zufa ta raɗa min cewa wata uku ke nan ba ta ga al'ada ba.

"Girma ne ya zo, Yaya," na ce. "Ki bar min komai."

Na ɗora ta a kan kunun waken suya da awara, safe da yamma. Ta aiko cewa zuciyarta na tashi, na ce hanjin ne bai saba ba. Ta ce ko ta leƙa asibiti? Na ce wahalar mota ce kawai.

Bayan wata biyu aka yi bikin 'yarta a Kiru. Na tarar da Yaya ta yi fes, ta murje. Ɗaki cike da mata, har da dangin ango. Na miƙe (ba wanda ya tambaye ni, wallahi).

"Jama'a, ku dubi Yaya! Wata biyar ba al'ada, ga ta kamar budurwa. Jikinta ya karɓi waken, har tumbi ta ajiye!"

Wata tsohuwar ungozoma, Inna Kande, ta ƙare wa Yaya kallo, sannan ta juyo gare ni.

"Malama, shi wannan waken naki, wata huɗu ya rage a yi masa suna."

Aka kwashe da dariya har da guɗa. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Sati biyu ke nan da aka gaya min a asibitin Tudun Wada. So nake a kai yarinyar nan ɗakinta kafin surukai su ji."

Na nemi takalmina na rasa, na fita da na wata.

Yaya ta sauka lafiya, namiji. Ba ta sake yi min magana ba sai ranar suna.

Tun daga nan, duk wadda ta kawo min kukan jikinta, sannu nake mata in nuna mata hanyar asibiti. A gidan biki kuwa, bakina na cin tuwo ne kawai.