Ruwa a Gaba, Dutse a Baya

Wani ne a nan Haɗeja. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Shekara goma sha ɗaya yana zaman haya, irin gidan nan da duk damina sai an naɗe tabarmi an hau kwasar ruwa da bokiti. Matarsa Ramatu ta gaji. Tana da shanu huɗu da ta gada wurin mahaifinta, suna can rugarsu ta wajen Malam Madori. Rana ɗaya ta aika aka kai su kasuwar kara aka sayar. Ta zo ta ajiye masa kuɗin a gaba.

"Malam, ga shi. Ka saya mana gida. Ban ce sai mai tayil ba, ban ce sai bene ba. Abu ɗaya nake so: kada in sake riƙe bokiti da damina."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ai kin gama magana."

To mutumin namu awo yake yi a wani sito da ake sayen riɗi. Mai siton ɗan Caina ne, ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa. A ƙofar ofishinsa akwai wani kwaɗo na tagulla, ya ciji kwabo. Mutumin namu ya daɗe yana hararar kwaɗon nan. Ran nan dai ya kasa haƙuri.

"Oga, wai wannan kwaɗon aikin me yake yi?"

"Kakata ce ta ba ni. Wai yana jawo arziki. A wurinmu akwai wani ilimi na tsarin gida, fanshuwai ake ce masa."

"Don Allah ɗan gutsura min. Gida zan saya."

Oga ya yi dariya, ya ce, "Tsofaffinmu ne suke cewa gida nagari, ruwa a gabansa, dutse a bayansa. Ruwa arziki ne, yana gangarowa ya shigo maka. Dutse kuma ya tokare maka baya. Sannan kada gado ya kalli ƙofa, in ya kalla, alheri ficewa yake yi."

"Kai ka gwada?"

"Ni? Ni a Kano nake haya, hawa na uku."

Wannan amsar ta ƙarshe mutumin namu bai ji ta ba, ya duƙufa yana rubutu a bayan takardar awo. Ya fito yana lissafi a ransa. Oga tirela biyar gare shi, shi kuwa keke, keken ma babu birki. Duk su biyun riɗi ɗaya suke taɓawa. Ashe bambancin a kwaɗo yake.

Washegari ya nemi dillali, Malam Sa'idu. Kun dai san yadda ake sayen gida a garin nan. Ka duba bango ko akwai layin da ruwa ya bari. Ka tambayi maƙwabta, kada ka tambayi mai gida. In da hali ma ka jira watan Agusta ka zo da kanka. Malam Sa'idu ya san duk wannan, don haka ya goya shi a babur, kai tsaye sai wani gida a kan tudu.

"Alhaji, ka ga gidan nan? Tunda aka gina shi ruwa bai taɓa taka ƙofarsa ba."

Mutumin namu ya ɓata rai. "Bai taɓa ba?"

"Ko sau ɗaya. Shekarar babbar ambaliya, nan mutane suka kawo kayansu ajiya."

"Allah sarki. Mai gidan me yake yi?"

"Malamin makaranta ne, ya yi ritaya."

"Ka gani ko. Kwaɗi fa?"

"Wallahi ko ɗaya ba za ka gani ba."

"Tayar da babur mu tafi."

Gida na biyu haka. Na uku haka. Duk lokacin da Malam Sa'idu ya rantse cewa wuri a bushe yake, sai mutumin namu ya girgiza kai kamar an yi masa rasuwa. Daga ƙarshe dillali ya tsaya a gindin wata darbejiya, ya kashe babur, ya cire hula ya share zufa.

"Alhaji, shekara ashirin ina wannan sana'a. Gaya min abin da kake nema, don mai ya yi tsada."

Mutumin namu ya zaro takardar awo ya karanta masa. "Ruwa a gaba. Dutse a baya."

"Dutse? A Haɗeja? Alhaji, ƙasar nan in ka hau kujera sai ka hango Jahun. Ko dutsen niƙa daga wani gari ake kawo mana."

"Ko tudu ne zai yi. Mene ne ya fi komai tsayi a garin nan?"

"Sai dai jinga."

Jinga dai kun sani, wannan dogon tudun ƙasar da aka tara tsakanin gari da kogi don ya tare mana ambaliya. Gari na wannan gefe, kogi na wancan. Duk mai hankali so yake jinga ta shiga tsakaninsa da ruwa.

Mutumin namu ya yi ta juya takarda. Can sai fuskarsa ta washe.

"Malam Sa'idu, akwai gida a wancan gefen?"

Akwai. Guda ɗaya, na bulo. Wani ne ya gina shi a shekarar da kogi ya ja da baya, ya yi damina ɗaya a ciki, ya gudu. Shekara bakwai makullin yana aljihun Malam Sa'idu, har ya yi tsatsa. Dillali ne, amma da ɗan sauran tsoron Allah a zuciyarsa.

"Alhaji, tsakanina da Allah, gidan nan ruwa yana shigarsa."

"Kowace shekara?"

"Ba fashi."

"Ta ƙofar gaba?"

"Ta ƙofa, ta taga, ta inda ya ga dama."

"Alhamdulillahi. Mu je."

Suka tura babur suka haura jinga, suka gangara. Lokacin rani ne, kogi ya tsuke can nesa, 'yan fadama suna ta ban ruwan tumatir. Ga gida tsaye shi kaɗai, ya ba jinga baya, ƙofarsa tana kallon kogi. Layin ruwa a bango ya wuce saman taga. Suna buɗe ɗakin girki sai kwaɗi suka yi ta tsalle ta ko'ina, manya da ƙanana. Malam Sa'idu ya ja da baya yana a'uziyya. Mutumin namu kuwa ya tsuguna yana kallonsu, har da ƙwalla.

"Oga guda ɗaya gare shi, na ƙarfe ma, ya yi tirela biyar. Waɗannan sun fi ɗari, kuma duk masu rai."

"Alhaji, in ka taya za a rage maka. Mai gidan ko rabi ka ba shi zai yi maka addu'a."

"Rufa min asiri. Ina cikin tayi wani ya ji labari ya riga ni?"

A ranar aka yi takarda, shaidu suka sa hannu suna sunkuyar da kai.

Ranar tarewa aka ɗauko kaya a a-kori-kura. Ramatu tana gaba, ta ga mota ta fara hawan jinga.

"Malam, ina za mu? Ai an wuce gari."

"Dutsenmu ne wannan. Yi bisimilla."

Ta sauka ta tsaya a ƙofar gida. Ta dubi layin bango. Ta dubi ƙusoshin rataye kaya, duk an kafa su dab da rufi. Ta ga wani ƙaton turke a bakin ƙofa. Daidai nan Kolo masunci ya zo wucewa da komar kamun kifi a kafaɗa.

"Baba Kolo, sannu da aiki. Wannan turken na akuya ne?"

"A'a, 'yar nan. Na kwalekwalena ne. Da damina nan nake ɗaure shi, don wurin ya fi ko'ina zurfi."

Ramatu ta juya. Wallahi har yau in na tuna matar nan tausayinta nake ji. Ta shiga ciki, ta sa aka shigo da gadonta, wani gadon katako da mahaifiyarta ta yi mata tun na aure. Ta ce a kafa shi yana kallon ƙofa sak.

Mutumin namu ya ɗora hannu a ka. "Ramatu, komai na yi daidai, za ki ɓata da gado. Kada ya kalli ƙofa."

"Nan zai zauna. In ruwan ya taho, ina so in riga kowa ganinsa."

Haka suka yi ta yi har aka fara shuka. In ta tafi unguwa ya juya gado ya fuskanci bango. In ya tafi sito ta mayar da shi. Ƙafafun gadon nan sai da suka yi rami a siminti.

Agusta ta kama. Aka yi shela a rediyo cewa an saki ruwan dam, kowa ya fito aikin gayya a ƙara wa jinga tsayi. Gari ya fito, ana cika buhuna da ƙasa ana jerawa. Babu wanda ya kai mutumin namu himma. Kowa na ɗaukar buhu ɗaya, shi biyu yake saɓawa, yana ta faɗin a ƙara, a ƙara. Dattawa suna sa masa albarka. Da aka tashi, kowa ya gangara gefen gari, shi ya gangara gefen kogi.

Malam Sa'idu yana cikin 'yan gayya, ya kira shi.

"Alhaji, ka san duk buhun da ka ɗora a nan, ruwan da ya tare wurinka yake komawa?"

"To da don wa nake ɗorawa?"

Ranar wata Talata da hantsi ruwa ya iso. Ya shigo ta ƙofar gaba kuwa, a hankali, da 'yan ciyayi a kansa. Mutumin namu ya cire takalmi ya tsaya a gefe yana yi masa maraba. Ramatu ta rarumo bokiti. Ya riƙe mata hannu.

"Kada ki kore shi, yanzu ya zo. Kuma ai alkawari na yi miki, ba za ki sake riƙe bokiti da damina ba."

A nan kam ya cika alkawari, don kafin a jima bokitin ma ya bi ruwa. Ruwa ya kai gwiwa, ya ce wannan kuɗin babur ne. Ya kai ƙugu, ya ce an shiga kuɗin mota. Da ya kai ƙirji bai faɗi ko mene ne ba, ya dai taimaka wa Ramatu ta taka taga ta hau rufi, shi ma ya bi ta. Kwaɗin tuni sun riga su hawa.

Ana kiran azahar a cikin gari suna zaune a kan kwano. A kan jinga mutane sun yi layi suna kallonsu, ƙafafunsu a bushe. Kolo ya taho da kwalekwale, ya lalubi turkensa da gora bai same shi ba, sai ya ɗaure a ƙarfen taga.

"Ku sauko a hankali. Mace tukuna."

Ramatu ba ta motsa ba. Ta dubi ruwan da ya shafe tsakar gida, hawaye suna zuba.

"Shanuna huɗu, Malam. Har da jar nan mai ciki. Abin da Baffa ya bar min ke nan a duniya. Magana ɗaya na roƙe ka."

Mutumin namu ya sunkuyar da kai. Ya zaro takardar awo, ta jiƙe sharkaf, ya buɗe ta a hankali yana bin layi da yatsa. Ruwa a gaba, akwai. Dutse a baya, akwai, shi da kansa ya ƙara masa tsayi. Kwaɗi ga su nan a gefensa. Ya rasa inda aka kuskure.

Sai suka ji wani gurum a ƙarƙashinsu. Ƙyauren ɗaki ya ɓalle. Gadon katako ya leƙo, ya ɗan karkata, ya fito ta ƙofa da katifarsa da matashin kai. Ya ratsa tsakar gida, ya bi ta zaure, ya miƙe ya nufi kogi.

Ramatu ta dafe ƙirji. "Shi ke nan. Gadon Inna ma ya tafi."

Mutumin namu ya buga takarda a cinya, ya juyo ya dube ta.

"Sau nawa na ce miki kada ki bar shi yana kallon ƙofa? Da bango yake kallo, ina zai ga hanyar fita?"